Mai Abu Yana Da Ikon Goge Abinsa?

Idan abu naka ne halak malak, kai ka kashe kuɗi ka yi shi, shin kana da ikon hallaka shi ranar da ka ga dama? A mafi yawan lokaci doka takan ce e. Ni ban gamsu da wannan amsa ba, kuma tarihin wani shirin talabijin na Ingila ne ya hana ni gamsuwa.

Sunan shirin Doctor Who. Gidan BBC ya fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, washegarin ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka. Labarin wani baƙo ne daga wata duniya, mai siffar mutum, da ke yawo tsakanin zamanin da ya wuce da wanda bai zo ba, cikin wani jirgi da daga waje ya yi kama da rumfar wayar 'yan sanda. William Hartnell ne ya fara fitowa a matsayinsa, sannan Patrick Troughton ya karɓa a 1966. Wanda ya sayi faifan DVD na waɗannan shekaru zai tarar da giɓi kamar bakin tsohuwa. Labari mai kashi shida, sai ka ga biyu da hotonsu mai motsi, sauran kuwa murya ce kawai aka ɗora wa hotuna tsayayyu ko zane. Cikin kashi 253 da aka yi a shekaru shida na farko, fiye da 90 ba a san inda suke ba.

Gobara ba ta ci su ba, ambaliya ba ta tafi da su ba. Masu shirin da kansu suka goge su, daga ƙarshen shekarun 1960 har zuwa 1978. Kafin mai karatu ya yi musu hukunci, ya kamata ya ji uzurinsu, don uzuri ne mai nauyi. Zaren bidiyo na wancan lokaci, mai faɗin inci 2, tsada gare shi, don haka da an nuna shiri sai a goge a ɗauki wani a kai. Yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri. Talabijin mai launi ta shigo, aka ɗauka babu mai sake waiwayar baƙi-da-fari. Uwa uba, babu na'urar bidiyo a gidajen mutane. Ana kallon shirin talabijin kamar wasan dandali ne, a yi yau, a watse, shi ke nan. Sai a 1983 aka fitar da kaset na farko na shirin don sayarwa, bayan an riga an gane cewa abin da aka zubar a bola dukiya ce.

To, ba su sani ba. Na yarda, kuma ba na ɗora wa kowa laifin rashin sanin gaibu. Amma a ganina an sa tambayar a inda ba wurinta ba. Masu kare su da masu zarginsu duka suna maganar kuɗi ne: da sun san za a saya, da ba su goge ba. Wato da har yau babu mai saya, gogewar ta yi daidai ke nan? Nan ne na rabu da su.

A ɗauki mutumin da ya haƙa rijiya a filinsa, da kuɗinsa, unguwa ta shekara goma tana sha. Takardar fili tana hannunsa. In ya tashi wata safiya ya cike ta da ƙasa don yana son wurin ajiye itace, da wuya alƙali ya ɗaure shi, amma babu dattijon da zai ce ya kyauta. Abin da jama'a suka sha daga gare shi ya tashi daga dukiya zalla, ya zama har da amana. Shirin nan miliyoyin mutane suka kalle shi, yara suka girma da tsoron dodanninsa, ga kuma gumin marubuta da masu ɗinkin kaya da masu haɗa sauti waɗanda babu wanda ya shawarce su. Na san ba kome ake iya ajiyewa ba, ɗakin ajiya yana da iyaka. Sai dai tsakanin ajiyewa da hallakawa akwai hanya ta uku, wato a miƙa wa wanda zai iya riƙewa. Ita ce aka toshe. Kofen da ake sayar wa ƙasashen waje a kan fim mai milimita 16, sharaɗinsa shi ne in an gama nunawa a tura wa tasha ta gaba, ko a mayar, ko a lalata. Gara abu ya ƙone da ya zauna a hannun wanda bai biya ba. Wannan fuskar mallaka ita ce ba na so.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne su wa suka ceci abin da ya tsira. Muryar kowane kashi da ya ɓata tana nan, domin wasu masu kallo, da yawansu matasa, sun riƙa kunna rikoda a gaban talabijin suna naɗar sauti ba tare da izinin kowa ba. A 1991 aka samo labarin The Tomb of the Cybermen cikakke a Hong Kong. A Oktoba 2013 kuma aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano kashi tara da suka ɓata a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a Jos, nan maƙwabtanmu Najeriya. Biyar sun cike labarin The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear ne. Da an bi sharaɗi sau da ƙafa, da gwangwanayen nan ba su kai wannan shekara ba.

Da daɗi a ce ashe saɓa doka ne ya yi rana, amma ina taka-tsantsan da wannan magana. Yaron da ya riƙe makirufo yana hana ƙannensa tari har shiri ya ƙare, ya yi ne don ƙauna, kuma na ba shi ladansa. Gwangwanin da ya tsira don kawai babu wanda ya tuna da shi, wannan sa'a ce, kuma ba a yabon mutum a kan sa'a. Mantuwar da ta ceci fim ɗaya ita ce ta bar wasu dubbai suka ruɓe a wurare da yawa, har da namu kaset-kaset na waƙa da wasan kwaikwayo da zafi da ƙura suke ci a cikin kwali.

Akwai kuma mutum na uku, wanda ya fi mai gogewa ba ni haushi. Morris ya faɗa daga baya cewa lokacin da ya fara ganin gwangwanayen, har da kashi na uku na The Web of Fear a ciki, amma kafin a kwaso su ya yi ɓatan dabo. A wannan kashi ne Kanal Lethbridge-Stewart, ɗaya daga cikin sanannun mutanen shirin, ya fara bayyana. In maganarsa haka take, to mai yiwuwa fim ɗin yana hannun wani, a kulle. Ma'aikacin da ya goge zare a 1970 bai san darajarsa ba. Wanda ya ɓoye fim a yau ya sani sarai, sanin ne ma ya sa ya ɓoye. Zai ce ai bai lalata kome ba, yana adanawa ne. Amma ga mai son kallo, me ya raba fim da aka ƙone da wanda aka kulle har mai shi ya mutu, magada su zubar da shi cikin tarkace?

A 2021 BBC ta sake fitar da The Web of Fear a faifai, da kashi na uku a zanen kwamfuta. Fuskokin zane ne, amma muryoyin na 'yan wasan ne na asali, daga naɗin da wani mai kallo ya yi a gidansa a 1968.