HAƘƘIN YARO BA KAYAN ARO BA NE: Nasiha Ga Matasa Da Iyayensu



Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanya 'ya'ya amana a wuyan iyaye. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, a 'yan shekarun nan matasanmu maza da mata sun fara haɗa kai a makarantun sakandare da jami'o'i da cikin unguwanni, suna karantar abin da ake kira haƙƙin yara, suna kuma fita wayar da kan jama'a. Tambaya iri biyu take zuwa mini a kan haka. Matasa suna cewa: Malam, ya halatta mu shiga wannan fafutuka? Iyaye kuma suna cewa: Malam, anya ba dabarar Turawa ba ce ta koya wa yaranmu raina mu? Duka biyun sun cancanci amsa, don haka ku ba ni aron hankalinku.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kansa. Ranar 20 ga Nuwamba 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara mai sashe 54. Nijar ta shiga a 1990, Najeriya a 1991. A 2003 Najeriya ta yi tata dokar haƙƙin yara, aka bar wa kowace jiha ta amince da ita a majalisarta. Jihohin Arewa da dama sun ja ƙafa, musamman saboda batun ƙayyade shekarun aure zuwa 18, sai daga baya suka riƙa yin tasu da gyare-gyare. Kano ta sa hannu a kan dokar kare yara a 2023.

To, wannan tarihin takarda ke nan. Amma wanda ya ɗauka a 1989 aka fara sanin yaro yana da haƙƙi, wallahi bai leƙa littattafanmu ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, littafi sukutum ya rubuta a kan hukunce-hukuncen jariri, Tuhfatul Maudud. Duk littafin fiƙihu da ka buɗe za ka tarar da babin shayarwa, da ciyarwa, da reno, da nasaba, da dukiyar maraya. Alƙur'ani a Suratul Baƙara aya ta 233 ya faɗi shekara biyu ga mai son cika shayarwa, ya ɗora ci da tufafin mai shayarwar a kan uba. A Suratul An'am da Suratul Isra'i ya hana kashe 'ya'ya saboda talauci. A Suratut Takwir ya nuna mana ranar da za a tambayi yarinyar da aka binne da rai laifin da ta yi. A Suratun Nisa'i aya ta 10 ya kwatanta cin dukiyar maraya da cusa wuta a ciki.

Ku dubi yadda Annabi (SAW) ya aikata. Bashir ya yi wa ɗansa Nu'umanu kyauta, ya zo neman Annabi ya zama shaida. Annabi ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta, ya ce a'a. Nan take ya ƙi shaidar, ya kira abin zalunci, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim. Mai mata biyu ko uku da ya fifita 'ya'yan ɗakin mowa a kan na bora, ya ji da kyau.

Akwai wani hadisin da nake so matasa su riƙe, na Sahlu bin Sa'ad. An kawo wa Annabi (SAW) abin sha a majalisi, ya sha. A damansa yaro ne, a hagunsa dattawa. Sunna ita ce a miƙa wa na dama. Sai Annabi ya nemi iznin yaron ya fara ba manya. Yaron ya ce shi fa ba zai bar wa kowa rabonsa daga hannun Annabi ba. Annabi ya danƙa masa ƙwaryar. Subhanallah! Shugaban halitta yana neman iznin yaro, yaro ya ƙi, kuma ba a ce masa marar kunya ba. Yau a gidajenmu sai a yanke wa yarinya makomar rayuwarta gaba ɗaya ba wanda ya ce mata ke me kika gani.

Har a matakin hukuma abin ya kai. Ibn Sa'ad ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji kukan jariri cikin dare ya ƙi yankewa. Da ya bincika, uwar ta ce yaye take ƙoƙarin yi masa tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Gari na wayewa ya sa aka yi shela cewa kowane abin haihuwa yana da rabo tun daga ranar da aka haife shi. Kukan jariri ɗaya ya sauya dokar daula.

Yanzu mu juyo gida, mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Na ɗaya, reno bayan rabuwar aure. Mu Malikawa ne, Risala muke karantawa a zaure. Risala ta bayyana cewa reno na uwa ne bayan saki, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta yi wani auren, sai ya koma wajen kakarsa ta wajen uwa, sannan 'yar uwar mahaifiyarsa. Ciyarwa kuma tana kan uba duk inda yaron yake. Amma mene ne al'adarmu? Ana yaye yaro uba zai aiko a ɗauko masa ɗansa, ya kai wa kishiyar uwa ko wata gwaggo, don kawai ya ƙuntata wa wadda ya saka. Wani kuma ya bar mata yaran, ko ƙwayar hatsi ba ya aikawa. Duka biyun saɓon Allah ne.

Na biyu, almajiranci. Neman Alƙur'ani ibada ce, tsangaya kuma ita ta fitar da mahaddatan da muke alfahari da su. Malaman allo da yawa suna riƙe da yaran mutane ba albashi ba sisin kwabo, Allah ya saka musu. Amma uban da ya ɗauki yaro ɗan shekara biyar ko shida ya kai shi wani gari da allo da roba, babu guzuri, babu bargo, ba ya leƙa shi daga shekara sai shekara, ina ya samo wannan a shari'a? Ciyar da ɗa wajibi ne a kan uba, ba ya faɗuwa don an ce karatu ya tafi. Asusun UNICEF yana ƙiyasta yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. A 2023 har hukuma ta musamman aka kafa don almajirai da yaran da ba sa makaranta. Hukuma tana da nata nauyin, kuma za a tambaye ta. Sai dai ba hukuma ce ta haifa maka ɗan ba.

Na uku, duka da sunan tarbiyya. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, yara da manya, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabo. Iyaye ne da kansu suka kai da yawansu don a gyara musu hali. Ku ji abin da malamanmu suka ce. Ibn Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan a ƙarni na uku, a littafinsa na ladubban malaman yara ya ƙayyade ladabtarwa da bulala uku, ba a wucewa sai da iznin uba, ya hana dukan fuska da kai, ya hana malami ya riƙa aiken ɗalibai hidimar kansa. Ibn Khaldun ya ware fasali a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanani ga mai koyo yana kashe masa zuciya, ya koya masa ƙarya da yaudara don ya tsira daga bulala. Anas bin Malik kuwa shekara goma ya yi yana wa Annabi (SAW) hidima tun yana yaro, ya ce ko tsawa bai taɓa yi masa ba.

Na huɗu, 'yar talla da 'yar aiki. Yarinya 'yar shekara tara da tire a ka har bayan isha'i, tana shiga tasha da gareji da shagon da ba a san me ke ciki ba. Wata an ɗauko ta daga ƙauye, ita ce farkon tashi ita ce ƙarshen kwanciya, 'ya'yan gida suna Islamiyya ita tana wanke-wanke, kuɗin aikinta ma ba ta taɓa ganinsu ba. In wani mugu ya lalata ta, sai a ce a rufa asiri. Asirin wa? Na azzalumi muke rufawa, ita kuma mu bar ta da ciwo har tsufa.

Saboda haka amsata ga matasa ita ce: ku shiga, kuma ku yi niyyar ibada. Annabi (SAW) yana matashi ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi bin Jud'an, inda ƙabilun Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka. Mushirikai ne suka ƙulla shi, amma bayan annabta ya yabe shi, ya nuna da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa. Wannan hujja ce a kan haɗa hannu da kowa wajen kare mai rauni, matuƙar ba a saɓa wa Allah ba.

Amma ina da sharuɗɗa, ku riƙe su.

Ku fara da ilimi. Ku karanta babin ciyarwa da reno a gaban malami, sannan ku karanta dokar jiharku da kanku, kada ku tsaya ga abin da aka faɗa muku a taron bita. Za ku ga mafi yawan abin da ke cikin yarjejeniyar 1989, rai da suna da lafiya da ilimi da kariya daga cutarwa, shari'a ta riga ta wajabta shi. Za ku ga kuma wuraren da muke da namu hukuncin. Misali, Suratul Ahzab ta hana jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, muna da kafala a madadinsa, kuma sashe na 20 na yarjejeniyar da kansa ya ambaci kafala ta shari'ar Musulunci. A 2005 ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta fitar da tata yarjejeniyar haƙƙin yaro a Musulunci, a shekarar kuma Azhar tare da UNICEF suka wallafa littafi a kan yara a Musulunci. Inda aka yi saɓani, kamar batun shekarun aure, a mayar wa malamai da 'yan majalisa su yi aikinsu. Kada saɓani a mas'ala ɗaya ya sa a watsar da hamsin da ba a saɓa ba.

Ku fara daga gida. Wanda yake marin ƙanensa kullum, ya ƙwace masa abinci, ya bar ƙanwarsa da aikin gida shi yana danna waya, bai kai ya ɗaga kwali a titi ba tukuna.

Ku kiyaye ladabi. Haƙƙin yaro bai share haƙƙin iyaye ba, biyayya gare su tana nan daram. Kada ku shiga tsangaya da kyamara kuna zagin malamai. Ku yi sallama, ku durƙusa, ku tambayi alaramma me yaransa suke buƙata. Sabulu ne? Tabarma ce? Maganin ƙazwa? Banɗaki? Lambar wayar iyayen da suka yi watsi da 'ya'yansu? Wanda ya zo da taimako a hannu ana sauraron bakinsa.

Ku tsare mutuncin yaron. Kada ku ɗauki hoton yarinyar da aka ci zarafinta ko almajirin da yake cin ragowar abinci ku watsa a Facebook da TikTok don a yabe ku. Hoton zai bi shi har girmansa. In an yi wa yaro fyaɗe, asibiti ne farko, cikin gaggawa, sannan 'yan sanda, a tafi da babba mai hankali. In rikicin reno ne ko ciyarwa ko gadon marayu, a fara da dattawan gida da liman da mai unguwa, in ya gagara akwai Hisba a inda take, akwai kotun shari'a. Kada ku ɗauki doka a hannunku.

Ku zaɓi aikin da za ku iya gamawa. Ku ƙirga yaran layinku da ba sa zuwa makaranta, ku bi iyayensu gida-gida. Ku raka masu jego yin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da allurar rigakafi. Ku ware awa biyu a mako kuna koya wa almajiran unguwa karatu da lissafi da iznin malaminsu. Yaro biyar da kuka mayar aji sun fi taro goma a otal.

Ku kuma iyayenmu, Allah ya ƙara muku girma, kada ku ji tsoro don yaranku sun san abin da Allah ya wajabta musu a kanku. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya yi wa malaman zamaninsa faɗa saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru don kai ilimi ƙauyuka. A kan wannan turba muka taso. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gara ɗanka ya tuna maka haƙƙinsa yau cikin ladabi, da ya riƙe wuyanka gobe a gaban Allah, ranar da ba naira ba sefa.

Mu limamai ma da sauranmu. Muna yawan huɗuba a kan biyayya ga iyaye, kuma daidai ne. A ƙara da huɗubar haƙƙin 'ya'ya, domin wanda ya shuka ƙaya ba zai girbi dawa ba.

Allah ka shirya mana zuri'armu, ka sanya su sanyin idanunmu. Allah ka ji ƙan marayu, ka tsare yaranmu da ke kwana a tasha da ƙarƙashin gada, ka mayar da waɗanda aka sace ga iyayensu lafiya. Allah ka yi wa matasanmu jagora, ka tsarkake niyyarsu, ka ba mu ikon sauke amana kafin ranar tambaya. Amin.

Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum warahmatullah.