Asirin Ɗalibi Da Ran Wani: Ina Amana Take Tsayawa?

Hausawa kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wato mutumin kirki shi ne wanda za a zuba wa magana ya haɗiye, ba za a ji ta a bakin kowa ba. Su dai Hausawan nan kuma sukan ce rigakafi ya fi magani. Galibi waɗannan karin magana biyu ba sa cin karo da juna. To, amma akwai wani ɗan ɗaki a jami'o'i da yawa na duniya inda wata rana sukan yi kiciɓis, har a rasa wanda za a bi. Ɗakin nan shi ne ofishin ba da shawara, inda ɗalibin da damuwa ta yi wa katutu kan je ya zauna gaban wani masani ya amayar da abin da ke cikinsa. Tambayar da muke son mu tattauna a wannan maƙala ita ce: idan ɗalibi ya gaya wa mai ba shi shawara cewa yana nufin ya hallaka wani, ko ya hallaka kansa, shin masanin nan zai riƙe amana ya yi shiru ne, ko kuwa zai tona?

Da farko ya kamata mu fahimci abin da ya sa asiri yake da girma a wannan ɗaki. Ɗalibin jami'a yawanci matashi ne da ya baro gida karo na farko, ga nauyin karatu, ga ƙarancin kuɗi, ga kewa, ga kuma soyayya da takan birkita lissafi. Masana sun daɗe da lura cewa mafi yawan cututtukan ƙwaƙwalwa sukan fara bayyana ne kafin mutum ya cika shekara 25, wato daidai lokacin da yake jami'a. Likitan jiki yana da abin auna zafi da gwajin jini da hoton ƙashi, ko marar lafiya ya yi gum zai iya gano wani abu. Shi kuwa mai ba da shawara ba shi da kayan aiki sai maganar da ɗalibi ya ga dama ya faɗa masa. Gaskiya ne ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ai ba wanda zai yarda ya yi wanka a tsakiyar kasuwa. Ranar da ɗalibai suka gane cewa abin da suka faɗa a ɗakin nan yana isa kunnen shugaban sashe ko na mahaifi, daga ranar ɗakin ya mutu, ko da an bar ƙofarsa a buɗe. Wannan dalili ne ya sa Kotun Ƙolin Amurka, a 1996, ta amince cewa ba za a tilasta wa mai wannan aiki ya bayyana hirarsa da wanda yake dubawa a gaban kotunan tarayya ba.

Sai dai akwai wani lamari da ya faru a can Amurkan wanda har yau ake koyar da shi ga masu koyon wannan aiki. Prosenjit Poddar ɗalibi ne ɗan ƙasar Indiya da ke karatun babban digiri a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A 1968 ya haɗu da wata budurwa mai suna Tatiana Tarasoff, ya ɗauka soyayya suke yi, ita kuwa ta nuna masa ba haka ba ne. Abin ya taɓa shi ƙwarai, ya yi watsi da karatu, ya shiga ƙunci. A 1969, lokacin da yarinyar ta yi tafiya zuwa Barazil, sai ya fara zuwa wurin wani masanin halayyar ɗan Adam a asibitin jami'ar. A watan Agusta ya gaya wa masanin cewa zai kashe wata yarinya idan ta dawo, kuma ko da bai kama suna ba, ba wuya a gane wadda yake nufi. Masanin bai yi shiru ba, ya sanar da 'yan sandan jami'a. Suka tsare Poddar na ɗan lokaci, suka ga yana magana cikin hankali, ya kuma yi musu alkawarin ba zai kusance ta ba, sai suka sake shi. Bisa ƙarar da iyayen yarinyar suka shigar daga baya, shugaban sashen ya ba da umurni a karɓo wasiƙar da aka rubuta wa 'yan sanda, a lalata bayanan, a bar maganar. Poddar ya daina zuwa asibitin. Ba wanda ya gaya wa Tatiana ko iyayenta komai. Ranar 27 ga Oktoba, 1969, ya je gidansu ya kashe ta.

Iyayenta suka kai ƙarar hukumar jami'ar da ma'aikatanta. Kotun Ƙolin Jihar Kalifoniya ta yi hukunci a 1974, ta sake sauraron shari'ar ta yi wani a 1976. Abin da ta tsayar shi ne, idan mai wannan aiki ya gane, ko ya kamata a ce ya gane, cewa wanda yake dubawa haɗari ne babba ga wani mutum, to, wajibi ne a kansa ya ɗauki matakin da ya dace don kare wancan mutumin, ko ta hanyar gargaɗinsa, ko sanar da 'yan sanda, ko wata hanya da hali ya nuna.

Ba duka alƙalan ne suka yarda ba, kuma bai kamata mu yi saurin watsar da hujjar waɗanda suka ƙi ba. Mai shari'a William Clark ya yi tsayin daka cewa wannan hukunci zai sa masu bukatar taimako su guji zuwa, waɗanda suka je kuma su riƙa ɓoye ainihin abin da ke ransu. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ita ma ta shaida wa kotun cewa likita ba zai iya faɗin wanda zai aikata ta'asa da tabbaci ba. Mu duba da kyau, mutum nawa ne a cikin fushi ko baƙin ciki kan ce "sai na kashe shi," alhali ko kaza ba zai iya yankawa ba? Idan duk wanda ya furta haka za a kai sunansa gaba, to, za a ɓata mutum ɗari don a tsare guda, kuma gudan nan ma zai koyi kame bakinsa. Mai mugun nufi da yake zuwa yana magana, ana lallashinsa, ya fi sauƙin haɗari a kan wanda ya shige ɗaki ya kulle shi kaɗai da tunaninsa. Labarin Poddar kansa shaida ne, domin bayan da aka haɗa shi da 'yan sanda ne ya yanke zuwa wurin mutumin da watakila shi kaɗai ne zai iya sanyaya masa zuciya.

Duk da nauyin wannan hujja, a ganinmu ba ta kai ta sa a yi shiru ba. Dalilinmu kuwa shi ne, ba don kansa ake riƙe asiri ba, ana riƙe shi ne don ya amfani mutane. Idan wani ya ba ka ajiyar wuƙa, sannan ya dawo ido jajur yana cewa ka ba shi zai je ya soke maƙwabcinsa, ba mai hankalin da zai kira ka maci amana don ka hana. Bugu da ƙari, amanar da ke tsakanin ɗalibi da masani yarjejeniya ce ta mutum biyu. Tatiana ba ta cikin ɗakin, ba a nemi yardarta ba, saboda haka ba su da ikon ƙulla alkawarin da za a biya da ranta. Har shi kansa mai maganar, hana shi kisa taimakonsa ne. Poddar ya yi shekaru a kurkuku, karatunsa ya watse, daga baya aka sake shi bisa sharaɗin ya koma Indiya. Wace riba shirun da aka yi wa Tatiana ya jawo masa?

To, amma idan mun tsaya a nan mun yi rabin aiki. Abin da ya faru a Berkeley ya nuna cewa tonawa kawai ba ta isa ba, domin ai an tona. Kuskuren shi ne an kai maganar kunnen da bai iya komai da ita ba, aka bar wadda abin ya shafa cikin duhu, sannan kowa ya kakkaɓe hannunsa. An rasa amincewar ɗalibin, ba a kuma tsirar da yarinyar ba, an yi biyu babu ke nan. Saboda haka muna ganin akwai sharuɗɗa huɗu da ya kamata a kiyaye. Na farko, a gaya wa ɗalibi iyakar asirin tun ranar da ya fara zuwa, kafin ya buɗe baki, ta yadda idan ranar tonawa ta zo ba za a ce an yaudare shi ba. Na biyu, a rarrabe tsakanin ɓacin rai da shiri, wato a duba ko akwai takamaiman mutum da ake nufi, da hanya, da lokaci. Jihar Kalifoniya ma a 1985 ta yi doka da ta taƙaita wajibcin ga inda aka furta barazana mai tsanani a kan wanda za a iya ganewa. Na uku, a faɗi iya abin da zai kare rai, ga iya wanda zai iya karewa, sauran sirrin ɗalibi ya zauna inda yake. Na huɗu, kada a yar da ɗalibin bayan an tona, domin a ranar ne ya fi bukatar mai riƙe hannunsa.

Tsoron taɓa asiri shi ma yana da nasa ɓarnar. A ranar 16 ga Afrilu, 2007, wani ɗalibi ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech. Kwamitin da gwamnan jihar ya kafa ya gano cewa malamai da 'yan sanda da ofishin ba da shawara kowanne ya san wani yanki na halin da ɗalibin yake ciki, amma ba a haɗa bayanan wuri ɗaya ba, ba a kuma tuntuɓi iyayensa ba, wani ɓangare saboda rashin fahimtar abin da dokokin sirri suka hana da abin da suka halatta.

Akwai kuma haɗarin da ke ɗaya gefen, wanda muke ganin ya fi yawan aukuwa ko da yake ba ya shiga jarida. Shi ne hukuma ta fake da kare rai ta riƙa tona abin da bai shafi rai ba, kamar faɗuwa jarrabawa, ko cikin da ba a shirya ba, ko shaye-shaye, don kawai ta wanke kanta daga zargi. Ɗalibin jami'a baligi ne, yana da haƙƙin ya zaɓi wanda zai san ciwonsa. Jami'ar Bristol da ke Ingila ta samo wata hanya a 2018, bayan mutuwar ɗalibai da dama: tun wajen rajista ake tambayar ɗalibi ko ya yarda a tuntuɓi wani da shi ya zaɓa idan an ji tsoro ƙwarai game da lafiyarsa. Fiye da kashi 90 cikin 100 suka yarda. Wannan ya nuna cewa matasa ba ƙin taimakon nasu suke yi ba, abin da suke ƙi shi ne a yi musu yankan baya.

Mu ma a nan gida maganar ta shafe mu. Tun 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa a Nijeriya ta tanadi ba da shawara a makarantu, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma doka ba ta ɗinke baki. Inda mai ba da shawara shi ne kuma ɗan kwamitin ladabtarwa, ko inda abin da yaro ya faɗa da safe ya zama abin hira a ɗakin malamai da azahar, ba ɗalibin da zai zo da babbar magana, balle a kai ga tunanin ko za a tona ta.

Daga ƙarshe, abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, wanda ya iya riƙe asiri dubu shi ne kaɗai ya cancanci ya tona guda, kuma shi ne za a yarda da shi ranar da ya tona. Amana tana tsayawa ne a inda ran wani ya shiga haɗari na gaske, amma ko a nan ɗin ba ƙarewa take yi ba, sauya kama take yi, daga riƙe magana zuwa riƙe mutum biyu, wanda ake nufi da cuta da wanda yake shirin cutarwa.