Zumunta A Ƙafa Take: Wa'azin Lokacin Kirsimeti



Ga shi hunturu ya kankama. An kai gero da dawa rumbu, an gama roron wake, an tara kara a bayan gida domin danni. Daga Bichi zuwa Dambatta, daga Kunchi zuwa Tsanyawa, da sassafe sai ka iske tsofaffi da yara sun kewaye wuta suna jin ɗumi, hazo ya lulluɓe gari. A wannan lokaci ne Ikkilisiya take kiranmu mu yi murnar haihuwar Mai Cetonmu. Amma duk wanda ya ɗaga ido a majami'unmu na ƙauye zai ga gurabe da yawa a kan benci. Samarinmu sun tafi ci-rani Kano da Kaduna da Abuja, waɗansu har Legas da Fatakwal. 'Yan matanmu kuwa suna makarantun kwana, ko suna aikatau a gidajen birni. Ƙasarmu cike take da jama'a, gandun da ya ciyar da gida guda a zamanin kakanni an raba shi, an sake rabawa, har ya kai ɗan abin da ya rage ba ya kai iyali zuwa wata damina. Saboda haka tafiya ta zama dole, ba kuwa laifi ba ce. Abin da nake so mu yi tunani a kai yau shi ne: idan yaro ya yi nisa, a wuyan wa nauyin riƙon zumunci yake?

Kafin mu amsa, bari mu leƙa gidajen 'yan'uwanmu Kirista na waɗansu ƙasashe, mu ga yadda suke yin wannan biki, gama wanda bai fita ba yakan zaci tuwon gidansu kaɗai ne tuwo.

Tsofaffin rubuce-rubuce na birnin Roma sun nuna cewa tun shekarar 336 ake bikin haihuwar Yesu a ranar 25 ga Disamba. A ƙasashen Turai wannan tsakiyar sanyi ne, dare ya yi tsawo, dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi. A Afirka ta Kudu da Ostareliya kuwa lokacin zafi ne. 'Yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar sai ranar 7 ga Janairu suke nasu, bayan azumin kwana 43. A Sifen, yara sai ranar 6 ga Janairu suke karɓar kyauta, domin tunawa da masanan nan da suka zo daga gabas da kyautai. Rana ta bambanta, yanayi ya bambanta, abinci ya bambanta, Jaririn da ake yi wa biki kuwa ɗaya ne.

A shekarar 1223, a wani ƙauye mai suna Greccio a ƙasar Italiya, Waliyyi Faransis na Assisi ya sa aka kawo sa da jaki da ciyawa a cikin kogo, aka yi Misa a wurin, domin talakawan da ba su iya karatu ba su gani da idonsu irin talaucin da aka haifi Ubangiji a cikinsa. Daga nan ne al'adar kafa komin dabbobi a majami'a ta bazu har ta iso gare mu. A ƙasar Mekziko, daga 16 zuwa 24 ga Disamba, kowane dare yara suna shigar Maryamu da Yusufu, suna bi gida gida suna roƙon masauki. A kore su nan, a kore su can, sai a gida na ƙarshe a buɗe musu ƙofa, a yi addu'a, a ci a sha. A Filifin kuma, cikin waɗannan kwanaki tara ana yin Misa tun kafin gari ya waye, al'adar da ake cewa an fara ta domin manoma su sami halarta kafin su tafi gona. In an fito sai iyali su sayi wainar shinkafa a ƙofar majami'a su karya kumallo tare.

Shi ma dattijon nan mai jan kaya da farin gemu da yaranmu suke gani a hotuna, asalinsa Waliyyi Nikolas ne, Bishop na Mira, a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, a ƙarni na 4. Labarin da aka gada ya ce wani talaka yana da 'ya'ya mata uku, ba shi da abin yi musu kayan aure, har ana tsoron kada su lalace. Sai Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa ƙunshin zinariya ta taga a ɓoye, har aka aurar da su cikin mutunci. Shi ya sa har yau a Jamus da maƙwabtanta yara suke ajiye takalmansu a daren da za a wayi gari 6 ga Disamba, su tarar da 'yar kyauta a ciki.

Amma al'adar da nake so ku riƙe da kyau ita ce ta mutanen Folan, ƙasar Waliyyi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu. A jajibirin Kirsimeti ba sa fara cin abinci sai yara sun hango tauraro na fari. A teburin kuma sukan bar kujera ɗaya da kwano ɗaya ba kowa, domin baƙon da ba a zata ba, da tunawa da ɗan gidan da ba ya nan. Kafin a ci, sai a ɗauko wata gurasa siririya, mai kama da wadda muke kaiwa bagade amma ba a keɓe ta ba, kowa ya gutsura daga ta ɗan'uwansa, su yi wa juna fatan alheri, mai laifi ya nemi gafara. Wanda yake wata ƙasa mai nisa kuwa, sai a sa masa guntun gurasar cikin ambulan a aika masa. Guntun nan bai kai ya ƙosar da ko tsuntsu ba, amma saƙon da yake ɗauke da shi babba ne: har yanzu kana da wuri a gidan nan.

Kun ga dai, 'yan'uwa, in aka tattara waɗannan al'adu, za a iske kusan dukansu sun karkata ga mutum biyu: yaro, da wanda ba ya nan. Haka ya kamata, gama asalin Kirsimeti ziyara ce. Allah bai tsaya a sama yana jiran mu hau mu gaishe shi ba. Shi ne babba, mu ne masu laifi, duk da haka shi ya fara takowa. Tun Yesu yana ciki ma, Maryamu ta ɗauki hanya zuwa ƙasar tuddai ta Yahudiya wurin 'yar'uwarta Alisabatu, ta zauna da ita wajen wata uku.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan. Kakanninmu sun ce zumunta a ƙafa take. Muna ganin yadda maƙwabtanmu Musulmi suke yawon Sallah, yara su ci ado su bi gidajen dangi suna karɓar goron Sallah, a kawo mana tuwo da nama, mu ma mu aika musu da shinkafa ranar Kirsimeti. Muna ganin yadda 'yan'uwanmu na kudu da ke Sabon Gari suke cika manyan motoci a watan Disamba, su kwana a hanya domin su yi biki a garinsu. A da, in yaro ya tafi, sai a je wurin katikis ko malamin makaranta ya rubuta wasiƙa, a ba direba ranar kasuwa, a yi wata guda ana jiran amsa. Waɗansu su aika gaisuwa ta shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, iyali su kewaye akwati suna sauraro ko za a ambaci sunansu. Tun shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, wannan wahala ta ƙare. Yau da wuya ka sami gidan da babu waya. Abin mamaki, hanya ta yi sauƙi, zumunci kuwa ya yi wuya.

Me ya jawo haka? Bari in faɗi gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Da yawa daga cikinmu ba ma kiran yaranmu sai da buƙata: kuɗin taki, kuɗin magani, gudummawar biki. Har ya kai in yaro ya ga lambar gida, gabansa ya faɗi. Shi kuwa a can, wata rana ya sami aikin lebura, wata rana bai samu ba, yana kwana a kango ko a shagon wani. Kirsimeti ya matso, ba shi da turmin atamfa na inna, ba shi da hular baba, ga ɗan maƙwabci ya dawo da babur. Sai kunya ta hana shi zuwa. Bana bai zo ba, baɗi kunyar ta ninku, daga nan sai ya daina ɗaukar waya. Mu kuma mu zauna muna cewa birni ya lalata shi.

Yaron da nasa suka daina nemansa, akwai masu nemansa. Masu sayar da ƙwaya suna nemansa. Kun tuna a shekarar 2018 sai da Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda ya cinye matasa, Kano kuwa tana cikin wuraren da abin ya fi ƙamari. 'Yan siyasa masu neman 'yan bangar zaɓe suna nemansa. Masu safarar mutane suna neman 'yarmu da alkawarin aiki a ƙetaren hamada. Da yawa kuma suna barin Misa da addu'a, ba domin sun ƙi Allah ba, sai domin babu wanda ya taɓa tambayarsu ko sun san inda majami'a take.

Ku tuna da abin da Luka ya ba mu labari. Yesu yana da shekara 12, aka je Idin Ƙetarewa a Urushalima. A hanyar dawowa Maryamu da Yusufu suka yi tafiyar yini guda suna tsammani yana cikin ayari tare da dangi. Wannan tsammani shi ne ke cutar da mu: uwa tana tsammani kawu yana kula da shi, kawu yana tsammani yayansa yana ji daga gare shi. Da suka ga ba ya nan, ba su ce in ya gaji zai dawo ba. Suka juya da ƙafarsu, suka yi ta cigiya har rana ta uku. Ku tuna kuma da Waliyya Monika, mutuniyar Afirka ta Arewa, wadda ɗanta Agustin ya yi mata wayo ya shiga jirgin ruwa zuwa Italiya. Ta bi shi da hawaye da addu'a, daga baya ta bi shi da ƙafarta har Milan, inda aka yi masa baftisma a shekarar 387. Shi ne ya zama babban malamin Ikkilisiya.

Na san al'adarmu tana da kunya. Uba ba ya sakin jiki da ɗan fari, uwa ko sunansa ba ta faɗa. Amma al'adar da ta sa wannan kunya ita ce ta buɗe waɗansu ƙofofi. Akwai kawu, akwai gwaggo, akwai baffa, akwai uban baftisma da uwar baftisma waɗanda suka yi alkawari a gaban Allah. Fiye da duka akwai kaka, wadda take kiran jikanta mijinta, suna wasa da dariya, ya faɗa mata abin da ba zai iya faɗa wa mahaifinsa ba. Manzo Bulus ya shaida cewa bangaskiyar Timoti daga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ta samo tushe. Marigayi Paparoma Faransis ma ya ga muhimmancin wannan, shi ya sa a shekarar 2021 ya keɓe Lahadi ta huɗu ta watan Yuli domin kakanni da tsofaffi. Waliyyi Yohanna Bulus na Biyu kuwa, duk da nauyin da ke kansa, ya zauna a watan Disamba na 1994 ya rubuta wa yaran duniya wasiƙa. In Paparoma bai ga ya fi ƙarfin rubuta wa yara ba, wane ne mu?

Saboda haka ga roƙona gare ku kafin Idin Iyali Mai Tsarki. Kowane gida a zauna a ƙidaya waɗanda ba sa nan, a ambaci sunayensu ɗaya ɗaya a addu'ar dare. Kowane yaro a ɗora wa wani babba nauyinsa. Ka kira shi kai da kanka, kada ka jira sai ya kira, kada kuma ka ambaci kuɗi ko sau ɗaya. Ka tambaye shi lafiyarsa, inda yake kwana, su wa yake zama da su, wace majami'a yake zuwa. In ba ka iya karatu ba, jikanka zai nuna maka yadda ake aika murya ta waya. In akwai mai tafiya, ku ƙulla masa ɗan ƙuli-ƙuli, ko daddawa, ko garin kunu, wannan ita ce tamu gurasar ambulan. Zumuntar Mata Katolika da shugabannin majami'a su tattara sunaye su ba Fada, domin a sanar da Fadan garin da yaran suke. Mafi girma duka, ku faɗa masa a fili: ɗana, ka zo ko da hannu wofi, ganinka muke so.

Ku kuma samari da 'yan mata da Allah ya kawo ku gida lafiya, sannunku da zuwa. Ku kewaya ku gaida tsofaffi. In kun koma, ku nemi 'yan garinku da suka ɓuya, ku gaya musu ana cigiyarsu. Kada talauci ya sa ku gudun gida, gama Ubangijinku ma a komin dabbobi aka kwantar da shi, bai kuwa ji kunya ba.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke, ya kāre matafiya a hanya, ya maido da waɗanda suka ɓace. Maryamu Uwarmu da Waliyyi Yusufu, ku yi addu'a dominmu. Barkanmu da Kirsimeti. Da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Amin.