Darasi: Kisan Aure da Dukiyar Gida

Mu buɗe Kubawar Shari'a 24:1-4, mu gama shi da Matta 19:3-9. Sa'ad da Farisiyawa suka gwada Ubangijinmu Yesu da zancen takardar saki, sai ya mai da su ga farkon halitta, ya nuna musu saboda taurin zuciyar mutane ne Musa ya yarda da ita. Kisan aure ba nufin Allah ba ne. Amma mu lura da amfanin takardan nan: shaida ce a hannun mace, don kada a kore ta yau, gobe kuma a ce har yanzu matar wani ce. Ko a cikin hali marar kyau, Allah yana tsaron hakkin marar ƙarfi.

Mu tuna da Hajaratu cikin Farawa sura 21. Ibrahim mai arziki ne ƙwarai, da dabbobi da azurfa da zinariya, duk da haka guzurinta bai wuce abinci da salkar ruwa ba. Ruwan ya ƙare a jejin Biyasheba, yaron ya kusa mutuwa, sai da Allah da kansa ya nuna mata rijiya. Littafi bai ɓoye mana wannan ba, domin mu gani da idonmu inda nauyin rabuwa yakan fāɗa.

Yanzu mu dubi Minna. Kirista mai gidaje a Bosso ko Tunga, idan aurensa na rajista ne, ba mai ikon kashe shi sai Babbar Kotu, bisa ga dokar shari'ar aure ta 1970. Dalili ɗaya dokan nan ta sani, wato aure ya lalace har ba gyara, ba a kuwa kai ƙara kafin shekara 2 da ɗaurin aure sai da iznin kotu. Alƙali yana da ikon yanka kuɗin ciyar da mace da 'ya'ya, ya kuma raba dukiya yadda ya ga daidai ne. Auren gargajiya ba haka yake ba: galibi akan mai da kuɗin aure, mace ta kwashe kayan ɗakinta, shi ke nan. (Da yawa cikinmu suna tsammani sa albarka a majami'a ya isa rajista. Bai isa ba, sai an cika sharuɗan doka an karɓi takarda.) A 1992 Kotun Ƙoli ta ƙi ba wata mace rabo cikin gidan da mijinta ya sayar, gama ba ta iya kawo shaidar abin da ta zuba a gininsa ba.

A nan ne jaraba ta mai arziki take. Yakan rubuta fili da sunan ƙanensa, ya ɓoye ajiyar banki, ya ɗauki lauya mai tsada har matar ta gaji ta bar ƙarar. Mai yiwuwa ya ci nasara a gaban alƙali. Amma Malakai 2:14 ya koya mana Ubangiji ne mashaidin alkawarin da mutum ya yi da matar ƙuruciyarsa, ba a kuwa ɓoye masa takardar fili. Macen da ta yi shekara 20 tana daka, tana reno, tana tsare shago, ta zuba nata cikin gidan nan ko ba ta da rasit.

Saboda haka dattawan ikilisiya su fara neman sulhu da dukan ƙarfinsu. Idan sulhu ya ƙi, kada su tashi daga zaman tukuna. Su tambayi maigidan a gaban shaidu: ina matan nan za ta kwana, wa kuma zai biya kuɗin makarantar yaran?