Wa Ya Harbo Jirgin?

Ku 'yan makaranta, ga wata tambaya da na ke so ku juya a zukatanku, ku kuma yi gardama a kanta in an tashi daga aji. In mutum biyu suka taru a kan aiki guda, ɗaya ya share fage ya haɗa kome, ɗaya ya zo ya sa hannu na ƙarshe, wane ne ya yi aikin? Kada ku ɗauka wasa ƙwaƙwalwa ne kurum. An yi wannan tambaya da gaske a ƙasar Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amsar da aka ba ta kuwa ta taɓa abincin dubban mutane da mutuncinsu.

Ga yadda abin ya faru. Ran 3 ga Satumba 1939 Ingila ta shiga yaƙi da Jamus, bayan Hitila ya auka wa ƙasar Polan. Ingila a kan tsibiri ta ke, kafin yaƙi kuwa wajen kashi biyu cikin uku na abincinta a jirgin ruwa a ke kawo shi daga ƙetare. Jamus suka shiga nutsar da jiragen nan, ga shi samari majiya ƙarfi sun tafi fagen fama. Gona ta rasa manomi, maƙera ta rasa maƙeri. Da abin ya tsananta, cikin Disamba 1941 Majalisa ta yi wata doka wadda ba a taɓa yin irinta a ƙasar ba, watau kowace mace marar aure mai shekara 20 zuwa 30, da wadda mijinta ya mutu ba ta da ɗa, ana iya kiranta aikin yaƙi tilas.

Mata kuwa suka fito. Waɗansu suka shiga ma'aikatu suna ɗura albarushi da ƙera jiragen sama. Fiye da 80,000 suka shiga rundunar mata manoma, suna huɗa, suna girbi, suna tatsar shanu, alhali da yawansu 'yan birni ne. Wajen 200,000 suka sa kayan soja cikin rundunar taimako wadda a ke kira ATS. Har Gimbiya Elizabeth, 'yar Sarki Joji na Shida, ta shiga cikinta a 1945, ta koyi tuƙi da gyaran mota.

To, ga inda tambayarmu ta fito. Tun 1941 aka haɗa maza da mata a wuraren igwa masu harbin jiragen abokan gaba. Mata ne ke hango jirgi, su auna nisansa da tsayinsa da gudunsa da na'ura, su nuna inda za a saita bakin igwa. Amma ɗura harsashi da harbawa an hana su, sai namiji. Saboda haka a takarda ba a lissafa su cikin mayaƙa ba, albashinsu kuwa kashi biyu cikin uku ne na albashin namiji. In jirgi ya faɗo, wa ya harbo shi? Mai auna ko mai harbawa?

Wani zai ce mai harbawa, don da bai harba ba da jirgi ya wuce abinsa. Gaskiya ne. Amma da ba a auna masa ba, da sararin sama ya harba, harsashi ya tafi a banza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya sa mu kan yaba wa na ƙarshe shi kaɗai, idonmu ne ya ke da rauni: ƙarar igwa kowa ya ji ta, lissafin da ya gabace ta kuwa shiru a ke yinsa. Mun saba yabon abin da ya yi ƙara.

Ku duba kuma yadda mu ke yi in laifi ne. Ɓarawo ya haura katanga, wani ya riƙe masa tsani, wani ya tsaya gadi a bakin lungu. In an kama su, akwai alƙalin da zai sallami mai tsani don bai shiga ɗaki ba? Babu. Abokin ɓarawo ɓarawo ne. Ashe wajen laifi mu kan ƙirga kowane hannu, wajen yabo kuwa mu ƙirga ɗaya. Wanda ya ke da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, kun san sunan da a ke kiransa a kasuwa.

Sai dai wannan magana tana da nauyi a kan matan su ma, kada mu ɓoye. In mai auna tana da rabo cikin yabo, tana da rabo cikin alhakin rayukan da ke cikin jirgin nan. Waɗanda suka hana mata harbi sun ga kamar suna kare su ne daga zubar da jini, watakila da kyakkyawar niyya. Amma wadda ta saita igwa ta san abin da ta yi. Hanin bai sauke mata nauyin ba, sunan kurum ya hana ta. Wanda duk aka ɗora wa nauyin aiki, haƙƙinsa ne a kira shi da sunan aikin.

Akwai kuma mai cewa, ai soja ya fi cancanta don shi ke sa ransa a haɗari. Ba mai musun jaruntakar wanda ya tsaya gaban wuta, yabon gwani ya zama dole. Amma a yaƙin nan wuta ta iske mutane har gida. Cikin Afrilu 1942 wata yarinya mai shekara 18, Nora Caveney, ta rasa ranta tana kan na'urarta a wurin igwa kusa da Southampton. Farar hula wajen 60,000 ne bama-bamai suka kashe a ƙasar, fiye da 25,000 daga cikinsu mata. Duk da haka, in bam ya raunata mace, diyyar da a ke ba ta a mako ta gaza ta namiji da sule 7. Sai da mata 'yan Majalisa, irin su Mavis Tate, suka yi ta fama, sa'an nan aka daidaita a 1943. Bam bai tambayi kowa ko mace ce ko namiji ba, gwamnati ce ta tambaya.

Da yaƙi ya zo ƙarshe a 1945 aka ba sojoji kuɗin sallama, aka hana mata manoma. Shugabarsu, Lady Denman, ta ajiye aikinta don fushi. Mata da yawa suka bar ma'aikatu, maza suka koma gurabensu. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta. Dokar daidaita albashin mace da namiji sai 1970 aka yi ta. Sai 2005, shekara 60 bayan yaƙi, aka kafa abin tunawa da matan nan a Landan, Sarauniya Elizabeth, wadda ta yi aikin tare da su, ita ta buɗe shi. Babu fuskar kowa a jikinsa, sai siffar tufafin aiki iri 17 a rataye, kamar masu su sun tuɓe sun tafi gida. Da yawansu kuwa sun riga sun bar duniya ba su gani ba. Godiyar da ta makara ta fi babu, amma ba ta biyan bashi.

Kada ku ce labarin Turawa ne, bai shafe ku ba. Nijeriya a lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila, samarinmu kuwa sun yi yaƙi a Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, tsakanin 1943 da 1945. Gyaɗar da Ingila ke matsar mai da ita, daga Kano a ke loda ta a jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Wa ya ɓare ta? Wa ya riƙe gida, ya ci da yara, shekara da shekaru miji yana ƙetare? Lambar runduna tana cikin littafin tarihi, amma ku tambayi tsofaffin gidanku labarin waɗanda suka zauna jira.

Ku ma nan gaba za ku ci jarrabawa, a kira sunanku gaban jama'a, a tafa muku. Ranar nan ku ne masu harbawa. To, ku waiwaya ku ga wadda ta tashi da asuba ta dama muku koko, da 'yar'uwarku wadda ta ɗauki tulu a madadinku don kada ku makara. In kun zama malamai ko alƙalai ko ma'aikata, aka sa ku rabon lada, ku ƙirga hannuwa duka, ku kuma biya tun mai aikin yana da rai.