Jijiyar Zuciya Da Ta Sauya Hanya: Ƙaddara Da Neman Magani

Jijiyoyi biyu ne ke shayar da tsokar zuciya da jini, ta dama da ta hagu, kuma dukansu suna fitowa ne daga gindin babbar jijiyar da ke rarraba jini ga jiki. Akwai waɗanda ake haifa da jijiyar ta tsiro daga wani wuri daban, ko ta bi wata hanya. Yawancinsu sukan tsufa lafiya ba su ma sani ba.

Nau'i biyu ne suka fi haɗari. Na farko, jijiyar hagu ta fito daga ɓangaren dama ta ratsa tsakanin babbar jijiya da jijiyar huhu. Idan matashi yana gudu ko ƙwallo, takan matse, ya suma ko ya faɗi matacce. Na biyu, jijiyar hagu ta tsiro daga jijiyar huhu, wanda likitoci Bland da White da Garland suka bayyana a 1933. Jaririn kan yi gumi da haki wajen shan nono, kuma galibi ba ya kai shekara idan ba a yi masa tiyata ba.

A nan tambaya take tasowa: tunda haka Allah Ya halicci mutum, gyara jijiyar ba canza halitta ba ne, wanda aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta danganta da aikin Shaiɗan? Malamai sun bambanta sauya halitta don ƙawa da kawar da cuta. Daga cikin hujjojinsu akwai Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Likitan da ya mayar da jijiya mazauninta magani ya yi.

Haka batun ƙaddara. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya nuna wa sahabbai cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Lahanin ƙaddara ne, hoton zuciya da tiyata ma ƙaddara ne. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma sammu ba. Yaron da ke suma ko ciwon ƙirji wajen wasa, haƙƙinsa ne a kan iyayensa su kai shi asibiti, su haɗa da addu'a.