HAƘƘIN YARON DA YAƘI YA NAƘASA

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan yaran da yaƙi ya raunata ce. Ba sai mun leƙa Falasɗinu ba kafin mu gan su. Ran Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 an ta da bama-bamai a Babban Masallacin Kano, mutum fiye da 100 suka riga mu gidan gaskiya. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, aka rasa rayuka aƙalla 85, da yawansu mata da ƙananan yara. Na Borno da Yobe kuwa, tun 2009, Allah kaɗai Ya san adadinsu. Mu nan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa Allah Ya kiyaye mu daga irin wannan, ko da yake duk wanda ya ratsa Dajin Falgore a shekarun ɓarayin shanu ya ɗanɗana fargaba.

Mamaci dai an yi masa sutura, an yi addu'ar uku da ta bakwai. Wanda muke mantawa shi ne yaron da ya rayu da ƙafa ɗaya.

Jinyar masu rauni tsohon aiki ne a Musulunci. A yaƙin Handaƙu, shekara ta 5 bayan Hijira, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, Manzon Allah (S.A.W.) ya sa aka kwantar da shi a tantin Rufaidatul Aslamiyya, a masallaci, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Ita Rufaidatu ba lada take karɓa ba, don Allah take yi. A zamaninmu, a 2016 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta haɗa gwiwa da Asibitin Ƙashi na Dala, aka riƙa kawo waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya raba da gaɓoɓinsu ana yi musu ƙafar roba kyauta. A 2020 aka buɗe wata cibiyar irin wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Sun kyauta. Amma abin kunya ne a ce baƙo ya taso daga Turai ya riga mu zuwa gadon ɗanmu.

To, ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Babban mutum in an yi masa ƙafar roba, yakan shekara da shekaru yana takawa da ita. Yaro kuwa girma yake yi. Ƙafar da ta yi masa daidai yana ɗan shekara 7, kafin ya kai 9 ta matse shi, ta yi masa gajarta, ta fara cin dungulmin. Wani lokaci ma ƙashin da aka yanke yakan ci gaba da tsiro har sai an sake yi masa aiki. Ke nan uba zai yi ta zarya asibiti har yaro ya balaga, ga kuɗin mota, ga na abinci, ga gona an bari. Gudummawar da muke tarawa rana ɗaya, lokacin da labari ke da zafi a rediyo, ba ta kai shi ko'ina. Hadisi ya inganta daga Nana A'ishatu cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, kome ƙanƙantarsa.

Ƙasarmu ta masara da shinkafa da dawa ce. Wanda amfaninsa ya kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, zai fid da ɗaya cikin 10 in noman damina ne, ɗaya cikin 20 in ya yi ban-ruwa da inji. (Masu rake, ko da yake a mazhabar Maliki babu zakka a kansa, kada su yi murna da yawa, ƙofar sadaka a buɗe take.) Wani zai ce, ai muna da namu matalautan a gida. Gaskiya ne, asalin zakka a raba ta a inda aka fid da ita. Amma malaman Malikiyya sun ce in akwai waɗanda suka fi tsananin bukata a wani gari, a kai musu. Ina wanda ya fi marayan da ba ya iya miƙewa tsaye bukata?

Sai dai a kula, zakka ana damƙa ta ne ga matalauci ko waliyyinsa, ba a gina asibiti da ita, ba a sayen kayan aikin likita. Wannan aikin wakafi ne, wato hubusi, kuma Jihar Kano tana da hukumar zakka da hubusi tun 2003. Mai gonaki biyar yana iya tsayar da guda a gaban shaidu, a rubuta, a ce amfaninta na jinyar irin waɗannan yara ne duk shekara. Masallacin Juma'a kuma yana iya ɗaukar nauyin yaro guda tak, a san sunansa da garinsu, a wakilta dattawa biyu amintattu su riƙa bin sawu, su kawo wa jama'a takardar asibiti duk lokacin da aka sauya masa ƙafa, har ranar da likita zai ce girmansa ya tsaya.